Me ya haɗa "be" da "is" da "was", kuma mece ce ma'anarta da Hausa?

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Ɗalibaina sun ce in dai "walk" tana komawa "walked", to me ya haɗa "be" da "was", me kuma ya haɗa ta da "is" da "am"? Sannan wani ƙamus ya fassara ta da "zama", wani "kasance", wani kuma "ne". Wanne ne daidai?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Amsar tambaya ta farko gajera ce: ta wajen asali babu abin da ya haɗa su. "Was" ba daga "be" ta tsiro ba, haka ma "is". Aikatau uku ne daban-daban, kowanne da saiwarsa da ma'anarsa, suka daɗe suna aiki kafaɗa da kafaɗa har masu harshen suka ɗauke su abu guda. Kamar 'yan kasuwa uku ne da suka haɗa jari a rumfa ɗaya, wannan ya zauna da safe, wancan da rana, ɗayan da yamma, alhali suna ɗaya ne rubuce a allon ƙofa. Shi ya sa dokar ƙara "-ed" ko "-s" da kika koya wa yara take karyewa a nan. Masana harshe suna kiran wannan cike giɓi da kalmar wani gida "suppletion", kuma ba a nan kaɗai yake ba. "Went" ba 'yar "go" ba ce, daga tsohon aikatau "wend" aka ɗauko ta. Wanda ya yi Larabci ma ya san "imra'a" mace ɗaya ce, amma jam'inta "nisa'u", saiwa daban.

Aikatau irin "walk" siffa huɗu gare shi: walk, walks, walked, walking. "Write" yana da biyar. Wannan kuwa takwas: be, am, is, are, was, were, been, being. Babu wani aikatau a Turanci da ya kai shi yawan siffofi, kuma idan aka haɗa siffofin nan aka ƙirga su kalma ɗaya, a babbar taskar rubutun Turanci ta Oxford "the" ce kaɗai ta fi shi yawan fitowa. Yawan amfanin nan shi ne ya kare masa baƙin halinsa. Kalmar da ba a cika furtawa ba, yara kan manta tsohuwar siffarta su ɗora ta a kan doka ta gama-gari, kamar yadda tsohuwar "holp" ta koma "helped". Wadda yaro yake ji tun safe har dare kuwa, yadda ya ji ta haka zai riƙe ta.

Yadda aka gano saiwoyin kuwa, ta hanyar kwatanta harsuna ne. A 1786 wani alƙali ɗan Birtaniya mai suna William Jones ya yi jawabi a Kalkata ta ƙasar Indiya, inda ya nuna cewa Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin sun yi kama da juna a saiwoyin aikatau da tsarin nahawu, kamar da ba za ta yiwu bisa katari ba, sai dai in uwa ɗaya ta haife su. Uwar nan ita ake kira tsohon harshen Indo-Turai. Ba a taɓa rubuta shi ba, an yi magana da shi ne kimanin shekaru dubu shida da suka wuce, kuma galibin masana suna ganin a filayen ciyawa da ke arewa da Baƙin Teku masu shi suka zauna. Daga gare shi Turanci da Jamusanci da Faransanci da Rashanci da Farisanci da Hindi suka fito. Hausa ba ta cikin wannan dangi, ita 'yar gidan Cadi ce a cikin babban dangin da ya haɗa ta da Larabci, don haka kada wani yaro mai kaifin kunne ya ce "is" da "isa" 'yan'uwa ne.

Saiwa ta farko ita ce "es-", kuma ita ce mai ma'anar wanzuwa tsantsa, wato abu yana nan. A tsohon harshen akan liƙa mata ɗafin "-mi" in mai magana yana nufin kansa, "-ti" in yana nufin wani. Sanskirit ya riƙe su kusan yadda suke: "asmi" ni ne, "asti" shi ne. Girkanci yana da "eimi" da "esti", Latin "sum" da "est", Farisanci "ast", Jamusanci "ist". Turanci ya yar da "t" ya bar "is". "Am" kuwa ita ce abin da ya saura daga "esmi", kuma "m" ɗin da ke ƙarshenta tsohon ɗafin "ni" ne, wanda babu wani aikatau na Turanci da ya rage da shi sai wannan. Ta ƙofar Latin saiwar ta sake shigowa Turanci a cikin "essence" da "absent" da "present". Naƙasunta ɗaya ne: saiwa ce ta hali mai ci, ba ta da siffar da za a ce abu ya auku ya ƙare. Wannan giɓin ne ya sa 'ya'yan harshen suka nemo 'yan cike gurbi, kowa da inda ya nemo.

Ta biyu ita ce "bhu-", asalin "be" da "been" da "being". Ma'anarta tsirowa, girma, komawa wani abu. Akwai tsari a yadda baƙin farkonta yake sauyawa: inda Sanskirit yake da "bh", Latin yana da "f", Girkanci "ph", Turanci "b". Gwada da kalmar ɗan'uwa: "bhratar", "frater", "brother". To haka "bhavati" ta Sanskirit, wato yana zama, ta yi daidai da "fui" ta Latin da "be" ta Turanci. Daga Latin ɗin aka sami "future", abin da zai zama, daga Girkanci kuma "physis", wato halitta ko ɗabi'a, uwar "physics". A cikin gida kuwa "build" da gaɓar ƙarshe ta "neighbour" duk daga nan suke.

Ta uku ita ce "wes-", asalin "was" da "were". Ma'anarta zama a wuri, ko kwana a wuri. A Sanskirit "vasati" yana nufin yana zaune a can. Harsunan dangin Jamusanci ne suka ɗauki shuɗaɗɗen lokacin wannan aikatau suka toshe giɓin "es-" da shi, don haka asalin "I was there" kusan "na zauna can" ne. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin "zama" tamu ma ta bi wannan hanya: zaman tabarma, zaman Kano, sannan "ya zama sarki" da "ya zama dole".

Sai batun "s" a "was" da "r" a "were". Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Karl Verner, ya warware shi a wata maƙala da ya rubuta a 1875 aka buga a 1877. A zamanin da, nauyin furuci a siffar tilo yana kan saiwa, sai "s" ta tsaya. A siffar jam'i nauyin yana kan ɗafi, sai "s" ta yi laushi ta koma "z", daga baya "z" ta koma "r". Irin wannan ya faru a Hausa, ki duba "maza" da "marmaza", inda "z" ta ƙarshen gaɓa ta koma "r". A da aikatau da yawa na Turanci suna da wannan canji, amma an daidaita su duka, sai ɗan ɓurɓushi irin "lose" da "forlorn". Jamusanci ya daidaita nasa zuwa "war" da "waren". "Be" kaɗai ce ta rage a daidaitaccen Turanci tana bambanta tilo da jam'i a shuɗaɗɗen lokaci.

Abin da ya fi ba da sha'awa a tarihin, a ganina, shi ne yadda abin yake a Tsohon Turanci, wato harshen da Angulawa da Saksonawa suka shigo da shi tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, aka yi ta amfani da shi har bayan mamayar Normandawa ta 1066. A lokacin, jeri biyu cikakku suke da su na lokaci mai ci. Na farko daga "es-": eom, eart, is, sai jam'i sind ko sindon. Na biyu daga "bhu-": beo, bist, bith, sai jam'i beoth. Kuma ba zuba su ake yi yadda aka ga dama ba. Jerin "is" na abin da yake haka ne a yanzu. Jerin "bith" na abin da aka saba, ko gaskiyar da ba ta canzawa, ko abin da zai zo. Da Hausa, bambancin kamar na "yana da sanyi" da "yakan yi sanyi" ko "zai yi sanyi" ne. A ƙarnonin da suka biyo baya jerin biyu suka cakuɗe, kowane yanki da nasa haɗin. Kudancin Ingila ya riƙe "beth" a jam'i, tsakiya "ben", arewa kuma "are", wadda ta fito daga "aron" ko "earun" ta karin harshen arewa da tsakiya. Nan ne yankin da 'yan Viking, mahara daga arewacin Turai, suka zauna tun ƙarni na 9, kuma a harshensu "eru" suke cewa. Masana sun rabu a kan ko "are" daga "es-" take ko daga wata saiwa ta huɗu. A hankali ta gangaro kudu ta kori "be" daga jam'i a Turancin Landan cikin ƙarni na 16 da na 17. Tsohuwar siffar ta maƙale a "the powers that be", wato masu riƙe da mulki, inda a yau da sai a ce "are". Jamusanci kuwa ya riƙe "sind", sannan ya ɗauki "bin" da "bist" daga ɗaya jerin.

To me ya sa ake ce wa mutum ɗaya "you are"? Domin "you" asalinta jam'i ce, wato "ku". Mutum ɗaya "thou" ne, da nasa "thou art". Sai aka fara ce wa babba "you" don girmamawa, yadda yaro a wurare da dama na ƙasar Hausa zai ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Girmamawar ta game kowa, "thou" ta ɓace daga daidaitaccen harshe, "are" da "were" suka bi "you" duk inda ta je. A ƙarni na 18 har masu ilimi suna rubuta "you was" in mutum ɗaya suke nufi, sai marubuta nahawu irin su Robert Lowth, a littafinsa na 1762, suka yi tir da ita. Har yau ana jin ta a bakin jama'a a Ingila da Amurka, amma a jarrabawa kuskure ce.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Ƙamusoshin nan uku duk sun faɗi gaskiya, kowanne ɓangare ya kama. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi daidai da "be", domin ayyukan da Turanci ya ɗora wa kalma guda, Hausa ta rarraba su ga kalmomi biyar ko shida. Saboda haka kada a ba yara fassara ɗaya su haddace. A koya musu su tambayi kansu: wane aiki take yi a wannan jumlar?

Aikin da ya fi yawa shi ne haɗa abu da sunansa ko sifarsa, wanda dirka, wato "ne" da "ce", take yi a Hausa: "Audu is a teacher", Audu malami ne, "Binta is a doctor", Binta likita ce. Sai dai ma'aunin kowanne daban. Dirka ba aikatau ba ce, jinsi da adadi take dubawa: "ce" ga mace tilo, "ne" ga namiji da jam'i, a karin Sakkwato kuma "ta" da "na". Ba ruwanta da lokaci, ba ruwanta da ko ni ne ko kai ne. "Be" kuwa ba ruwanta da jinsi sam, mutum da adadi da lokaci take dubawa. "Da can Audu malami ne" har yanzu "ne" ce, amma Turanci dole ya koma "was". Nan ne yara suke rubuta "last year he is our monitor". Wanda ya yi nahawun Larabci ki tuna masa da mubtada'i da habari: "Zaidun mu'allimun" ba ta buƙatar mahaɗi, amma da zarar an koma baya sai "kana" ta shigo. Turanci yana son mahaɗin a kowane lokaci, ko da a hali mai ci ne, shi ya sa "he a teacher" ba ta tsayu ba.

A wajen sifa an fi yin tuntuɓe, domin Hausa sau da yawa da suna take bayyana hali. Muna cewa yana da tsawo, ina jin yunwa, shekarata ashirin, na gaji, na makara. Turanci duk da "be" yake yin su: "he is tall", "I am hungry", "I am twenty", "I am tired", "I am late". Mai fassara daga zuciyarsa sai ya ce "I have twenty years". Akwai kuma kishiyar wannan, inda yaro ya gano cewa Turanci yana son "am", sai ya cusa ta gaban aikatau: "I am agree", "I am come from Zaria". "Agree" da "come" aikatau ne masu tsayawa da ƙafarsu. Gwajin mai sauƙi ne: in kalmar tana karɓar "-ed" ko tana da shuɗaɗɗen lokaci nata, ba ta buƙatar "am" a gabanta sai in an ƙara mata "-ing", ko tana siffar da ke nuna an yi wa abu aiki, kamar "tired". Af, a yi hattara da "late". A Turancin Najeriya "my father is late" na nufin ya rasu. Baturen Ingila in ya ji haka zai ɗauka baban ya makara ne, zai ma iya tambayar ƙarfe nawa ake sa ran isowarsa. A wurinsu sai dai "my late father" ko "my father has died".

Aiki na biyu shi ne nuna wuri ko lokaci: "she is at home", tana gida, "the meeting is on Monday", taron ranar Litinin ne. Na uku shi ne wanzuwa, ma'anar "es-" ta asali, wadda Hausa take yi da "akwai" da "babu". A yau da wuya ka ji ta tsirara sai a maganar addini ko falsafa. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci da yawa da "Be, and it is" suke fassara "kun fa yakun". A maganar yau da kullum "there" ake sa wa a gaba: "there is water", akwai ruwa. "There" ɗin nan ba ta nufin "can", gurbin aikau kawai take cikewa, shi ya sa za a iya cewa "there is a man here". Matsalar ita ce "akwai" ba ta canzawa, amma "there is" tana bin sunan da ke bayanta da kuma lokaci: "there are many people", "there was no light", "there will be rain". Turawa kansu suna cewa "there's many people" a hira, sai dai mai gyaran takarda ba zai yafe ba.

"Zama" da "kasance" sun fi dacewa da siffar "be" ita kanta, bayan "will" ko "to" ko a umarni: "I want to be a nurse", ina so in zama nas, "be patient", yi haƙuri, ko kasance mai haƙuri. Tsohuwar ma'anar "bhu-" ta komawa wani abu tana nan a ɓoye, kuma har yau a wuraren da abu bai tabbata ba tukuna aka fi samun siffar "be". Akwai ta a fata da buƙata, kamar "so be it" da "the principal insisted that he be punished". Ɗan'uwan wannan shi ne "were" ta abin da ba haka yake ba: "if I were you", da ni ne kai. "Were" a nan ba jam'i ba ce, ba kuma shuɗaɗɗen lokaci take nufi ba, aikin "da" ta Hausa take yi a "da ina da kuɗi da na saya". Masu shirya jarrabawar WAEC da JAMB suna son wannan wuri, don haka a nanata shi. In abin yana iya yiwuwa ya faru da gaske, "was" ce daidai: "if he was at home, he heard the noise".

Sauran ayyukan biyu na taimako ne, inda "be" ba ta da ma'anar kanta. Da "-ing" tana nuna aiki mai ci: "he is eating", yana cin abinci. Wannan ya yi daidai da "yana" har ya zama tarko, domin Hausa da "yana" ɗin take cewa yana da mota, ina jin Hausa, ina son shayi, ina ganin haka ne. Turanci ba ya sa "-ing" ga mallaka da sani da fahimta a ma'anarsu ta hali, haka ma so a galibin lokaci. "I am having a car" da "I am understanding you" daga nan suke fitowa, daidai kuwa "I have a car", "I understand you". Amma "I am having lunch" daidai ce, don "have" a nan ci take nufi, ci kuwa aiki ne. Ita "be" ma tana iya ɗaukar "-ing" in hali na ɗan lokaci ake nufi. "He is rude" mara kunya ne, halinsa ke nan. "He is being rude" rashin kunya yake yi yanzu.

Da siffa ta uku ta aikatau kuwa, wato irin "written" a jerin write, wrote, written, tana juya jumla a sa karɓau, wanda aikin ya faɗa wa, a gaba: "the thief was caught". Hausa da "an" da "aka" da "ana" da "za a" take wannan aiki: an kama ɓarawon. Ki ba yara wannan mabuɗin, yana buɗe ƙofofi da yawa. "An haife ni" ita ce "I was born", don haka "I born in Katsina" ba ta yiwuwa. "Ana gina gidan" ita ce "the house is being built". Wannan tsari na ƙarshe sabon shiga ne, sai a ƙarshen ƙarni na 18 ya bayyana, kafin nan "the house is building" ake cewa, kuma masu tsattsauran ra'ayin nahawu na ƙarni na 19 sun daɗe suna ƙyamarsa.

Rikicin "been" da "being" shi ne wanda ya fi yawa a rubutun manya ma, har da takardun ofis, domin a bakin mutane da yawa furucinsu ya zama ɗaya. "Being" gaɓa biyu ce, "bi-yin" da ɗan ƙugi a hanci a ƙarshe. "Been" gaɓa ɗaya ce, Amurkawa suna gajarta ta kamar "bin", a Ingila an fi jan wasalin. Doka kuwa kalmar da ta gabata ce take yanke hukunci. Bayan have, has, had, sai "been". Bayan am, is, are, was, were, sai "being", haka ma bayan kalmomi irin "for" da "of" da "without": "thank you for being patient". Bayan will, can, must, should, may da "to", sai "be" tsurarta. Don haka "he is been treated" kuskure ce, ko dai "he is being treated", ana yi masa magani, ko "he has been treated", an yi masa magani. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mai jinya. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne "he's" tana iya zama "he is" ko "he has", sai an dubi abin da ya biyo baya. Sannan "has been to" tana da ma'ana ta musamman: "she has been to Makkah" ta je ta dawo, "she has gone to Makkah" ta tafi, tana can ko tana hanya.

A tambaya da korewa "be" ba ta neman taimakon "do" kamar sauran aikatau. Da kanta take tsallakowa gaba, "is he at home?", da kanta take ɗaukar "not", "he is not at home". "Does he is" da "did you were" babu su. Wuri ɗaya ne "do" take shiga, wato umarni: "don't be late". Taƙaitattun siffofi kuma ba sa rufe jumla. Ana cewa "I'm ready", amma amsar "are you ready?" ita ce "yes, I am", ba "yes, I'm" ba, domin a ƙarshen jumla nauyin furuci yana sauka a kan aikatau, taƙaitacciyar siffa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Ita kuma "am fine" da ta cika saƙonnin waya, ta samo asali ne daga jin "I'm" kamar "am". A rubutun makaranta dole "I" ta fito.

Akwai giɓi guda da daidaitaccen Turanci bai cike ba har yau. "Is not" tana da "isn't", "are not" tana da "aren't", amma "am not" ba ta da tata. A Ailan da Sikotland suna cewa "amn't". A Ingila an sami "an't" tun ƙarshen ƙarni na 17, wadda ta koma "ain't", amma da ta bazu ta maye gurbin "isn't" da "haven't" a bakin talakawa sai aka yi mata tambarin rashin ilimi. Abin da ya rage a tambaya shi ne "aren't I?", wadda ba ta bi ƙa'ida ba ko kaɗan tunda ba a cewa "I are", amma ita ce karɓaɓɓiya. In jarrabawa ta kawo "I am your friend," ta bar gurbin 'yar tambayar ƙarshe, "aren't I?" za su zaɓa.

Ɗalibanki masu jin Burokan suna da wata dama da ya kamata ki yi amfani da ita a aji, domin Burokan ya raba abin da Turanci ya haɗa, kusan yadda Hausa ta raba. "Na teacher" ko "im be teacher" aikin dirka ne, "e dey house" wuri ne, "water dey" kuma "akwai" ce, "e dey chop" aiki mai ci. Ki rubuta jumla biyar a allo da Hausa: Musa direba ne, Musa yana tasha, akwai mai a motar, Musa yana tuƙi, an gyara motar. Su fara faɗin aikin da kowace take yi, sannan su juya su Turanci, za su ga "is" ta fito a huɗun farko, "was" ko "has been" a ta biyar. Daga nan ki sa "jiya" a gaban kowace su sake juyawa, sannan "gobe", sannan ki mayar da Musa ya zama Musa da Sani.